Mai Sa Mutane Barci Ya Kasa Runtsawa

Idan ka ga fitila na ci har asuba a wani gida a Barnawa ko Narayi cikin watan Afrilu ko Oktoba, ba gatan masu wuta suka samu ba. Likitan allurar barci ne ke shirin jarrabawar baka. Bawan Allah da kullum ke ce wa majinyaci, "Kwantar da hankalinka, ƙirga zuwa goma," ga shi ya ƙirga dubu, idonsa biyu.

Ba banza yake makyarkyata ba. Ko a Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, ko a kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, tsarin kusan ɗaya ne: tebur, ƙararrawa, da manyan malamai da suka bar murmushi a gida. Ɗaya zai ce, "An kawo maka mai naƙuda, jininta ya hau, ta ci tuwo yanzun nan, jariri na cikin haɗari. Allurar baya za ka yi ko barci gaba ɗaya?" Ya san tuwon na iya tasowa ya faɗa huhu, ya ceci irinta ba adadi, amma harshe ya maƙale. Ya faɗi daidai, a ce "Ci gaba." Ya kwafsa, a ce "Ci gaba."

Sai dai kafin farfesoshi su taɓa shi, mu dangi mun gama yi masa tamu. Gwaggo za ta taso daga Kakuri takanas: "Ɗan nan, wai bokon naka ba ya ƙarewa ne? Shekara 6 a jami'a, ga bautar ƙasa, har yau kana riƙe da biro? Ɗan maƙwabciyata bakanike ya gina gida a Gonin Gora." Kawu kuwa abin dariya ya ba shi: "Barci ma sai an yi masa jarrabawa? Ni kofin fura ke kayar da ni, kyauta."

Sai masu taimako. Suruka ta aiko da galan ɗin rubutu. Maƙwabciya ta kai sunansa addu'ar dare a cocinsu. Kowacce ta ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa ranar saboda baki, kafin magariba har mai shayin bakin layi ya san ranar da lambar kujera. Masu zuwa yi masa fatan alheri kuma ba sa zuwa hannu rabbana: wannan da ciwon baya, wancan da hoton ƙirjin kakarsa, "tunda dai kana gida."

Da ya rasa wurin bita, sai ya koma yi a Keke Napep. Daga Sabon Tasha yake ta jero magunguna da awonsu, yana yi wa kansa tambaya yana amsawa, har direba ya waiwayo cikin ladabi: "Yallaɓai, a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa zan sauke ka?"

Ranar sakamako ake gane halinmu. In ya haye, "mun ci," kuma tambayar farko ita ce yaushe zai tafi Saudiyya ko Ingila ya fara aike. In aka ce ya dawo bayan wata 6, "ya faɗi," shi kaɗai, kuma Gwaggo dama ta faɗa.

Jama'a, wannan mutum shi ke riƙe da numfashinku ranar fiɗa, alhali kazar godiya gidan mai wuƙa kuke kaiwa. In kun ji yana da jarrabawa, ku yi masa addu'a daga gidajenku, ku adana hoton ƙirjin Kaka sai ya dawo.