Wasiƙa daga Sawakin

Daga taubashinka da ke Sawakin, bakin Bahar Maliya, zuwa ga ɗan kawuna a Ƙofar 'Yandaka, birnin Katsina.  

Tun da ka daɗe kana cika mana baki a zaure, kana cewa kai ne sarkin ninƙaya don ka taɓa ƙetare kududdufin bayan ganuwa da damina, ya wajaba in sanar da kai cewa ruwan da Allah Ya nuna mini a nan, wanda ido ba ya riskar gaɓarsa ta ƙetare, ba ya shayuwa don gishiri, sabulu kuma ba ya kumfa a cikinsa, da za ka gan shi da ka yi istigfari a kan kowace kalma.

Tsohon garin ɗan tsibiri ne, benayensa kuwa da farin murjani aka gina su, ɗan'uwan jan nan da matanmu ke tsiyata mu a kansa. A nan dutse ne kawai da ake sarowa daga cikin ruwa. Turkawa sun mallaki garin a ƙarni na 16, fatake daga Misira da Hindu da Jidda suna sauke hajarsu suna ɗaukar ƙaro da hauren giwa da gashin jimina, kuma a bayan ganuwarsa Usman Diƙna ya ja daga da Ingilishi a zamanin Mahadi. Amma dubi hikimar Ubangiji: murjanin da ya gina garin shi ya ƙuntata mashigarsa, har manyan jiragen ruwa suka kasa shiga cikin aminci, aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909, attajirai suka kwashe, benaye suka shiga zubewa.

Magadan gidajen yanzu kyanwoyi ne, manya, marasa kunya, waɗanda mutanen garin ke cewa aljanun da Annabi Sulaimanu ya ɗaure ne. Ban yi musu ba, domin ɗaya ta ɗauke mini kifi daga akushi tana kallona cikin ido, na ce mata a ci lafiya.

Masunta suna fita da asuba cikin sambuk, jirgin katako mai filafilai, su komo da kifaye ja da kore da shuɗi, har da wani mai haƙora jeri bisa jeri da suke kira ƙirshi, wanda in ya ga sarkin ninƙaya irinka, loma biyu zai yi. Farcen nan kuma da Inna ke soyawa ta zuba a humra, ashe murfin bakin dodon koɗin teku ne, warinsa kuwa kafin a gyara shi sai mai tawakkali.

'Yan'uwanmu Takari suna nan, wasu na ga-ruwa, wasu na dako, kowa na tara kuɗin jirgin Jidda, ni ma haka.

Ka gaida Inna da Kawu, ka ce su sa ni a addu'a. In ka sami alhajin da zai biyo nan, don Allah ka aiko mini da daddawa da kuka, kifi ya ishe ni. Wassalamu.

Naka,
Taubashinka