Daren da Tony Soprano Ya Ɗauke Mini Wuta

Kashi 86 na kalla. A riƙe wannan lissafin, domin duk mai shirin yi mini dariya ya fara sanin irin jarin da na zuba. Wata uku cur ina bin The Sopranos bayan sallar isha'i, har uwargida ta raɗa wa talabijin ɗin falo suna "amarya". Shirin tashar HBO ne ta Amurka, an fara shi a 1999 aka rufe a 2007, ni kuwa sai bara ya iso hannuna a cikin filas, daga shagon wani yaro mai tura finafinai a bakin kasuwarmu. Labarin Tony ne, ƙaton uban daba, mai sa a kashe mutum da safe, da rana ya je wajen likitar ƙwaƙwalwa yana kai ƙarar uwarsa. Gari guda na tsoronsa, amma ranar da agwagin da ke wanka a gidansa suka tashi suka bar shi, yanke jiki ya yi ya faɗi. Tun daga nan na san ni da shi sai mun ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Daren kashin ƙarshe ana hunturu, fanka a kashe, ƙwan falo ma na kashe don kallo ya yi armashi. Tony na zaune a gidan abinci yana jiran iyalinsa. Matarsa ta shigo, ɗansa ya shigo. 'Yarsa na waje tana fama da ajiye mota, ta yi gaba ta yi baya kamar mai koyon tuƙi a filin idi. Duk wanda ya turo ƙofa sai ƙararrawa ta kaɗa, Tony ya ɗago. Wani mutum da idonsa bai kwanta mini ba ya tashi ya shige banɗaki. Na matso bakin kujera. Ƙararrawa ta sake kaɗawa, Tony ya ɗago kai.

Ɗif!

Ba hoto, ba sauti. Wanda aka haifa a ƙasar nan ba ya buƙatar tafinta a kan irin wannan duhun. Na zabura ko takalmi ban nema ba, na juya layin gida zuwa na inji, na afka tsakar gida na kama igiyar janareta. Ja na farko ya yi tari. Ja na biyar ya yi atishawa. A na takwas na haɗa da haushin wata uku, igiya ta tsinke, na tafi da baya na zauna daram cikin bahon wankin da aka jiƙa tun magariba.

Uwargida ta leƙo da fitilar waya. "Malam, lafiya ka kashe mana wuta? Ina tsakiyar guga."

"Ni na kashe? Ɗaukewa suka yi."

Ba ta ce komai ba, sai ta nuna mini gidan maƙwabci, ƙwansa na ci kamar gidan biki.

Na mayar da layi, na sauya wando, na koma na sake kunnawa. A daidai wurin nan, ɗif. Wannan karon na daure. Bayan kamar daƙiƙa goma sai ga sunaye suna fitowa, shiru ba ko kiɗa. Nan na gano mai laifi: yaron nan ya tura mini fim da gutsure.

Da sassafe ina shagonsa, kafaɗa na warin man zafi. Na dire filas a kan teburi na ce ya cika mini abina ko ya ba ni kuɗina.

"Baba, wallahi yadda na samo haka na tura."

"To inda ka samo ɗin ɓarayi ne."

Ya sake turawa. Muka kunna a kwamfutarsa, ɗif. Ya aika aka karɓo na abokinsa daga wani layin, ɗif. Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, mai rake har da ajiye baro, kowa na ba da fatawa. Wani ya ce ƙwayar cuta ce ta ci wutsiyar fim ɗin. Wani ya ce hukumar tace finafinai ce ta yanke. Sai wani ɗalibi da ya zo cajin waya ya ce, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, "Baba, ai nan ne ƙarshen."

Ashe da gangan mai shirin, David Chase, ya yi haka. Daren 10 ga Yuni 2007 mutum kusan miliyan 12 ne suka kalla a Amurka, kuma da yawansu sun ɗauka layin tashar ne ya yanke. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Mutanen da ba su san ɗaukewar wuta ba ma sun ruɗe, balle ni da aka yaye da ita. Bambancinmu kawai, su ba su zauna a baho ba.

Amma ban yafe ba. Mu da tatsuniya aka rene mu, kuma ko Gizo, duk iya shegensa, ba a tashi sai an ji yadda ta ƙare masa, a ce ƙurunƙus, kowa ya je ya kwanta. Mutum ya yi zango shida yana ɓarna, sannan a hana ni ganin ko gawarsa ko ankwa a hannunsa? A majalisarmu an yi mako ana shari'ar. Ɓangare guda suka ce mutumin banɗaki ne ya harbe shi, duhun nan mutuwar ce, domin mamaci ba ya jin ƙarar harsashin da ya kashe shi. Ɗaya ɓangaren suka ce yana nan da ransa, hukuncinsa shi ne ya ƙare rayuwa yana zabura duk sa'ad da aka taɓa ƙofa. Mutum biyu da ko kashi ɗaya ba su kalla ba su suka fi kowa ɗaga murya.

Sai kuma ciwon da ya fi na kafaɗa: ƙarfe tara ta yi, ba abin kallo. Na nemi shawara, na sha ta har ta ishe ni. Aka ce The Wire, kashi 60 a kan 'yan sanda da dillalan ƙwaya a birnin Baltimo. Na gwada. Turancin unguwannin nan ya sa na fara zargin takardar digirina. Aka ce to Breaking Bad, kashi 62, malamin kimiyyar sinadarai da cutar dajin huhu ta kama, ya koma dafa ƙwaya don ya bar wa iyali abin hannu. Masoyansa ma sun fi ni taɓuwa: saboda a wani kashi jarumin ya wurga fiza kan rufin gidansa, sai suka riƙa zuwa ainihin gidan a birnin Albakaki suna wurga tasu, har masu gida suka gaji suka kewaye shi da shingen ƙarfe. Na ce yauwa, waɗannan 'yan uwana ne. Ina rufe baki wani dattijo ya ce, "Wanne? Wanda malamin ke mutuwa a ƙarshe?" Allah ya isa ba ta halatta a kan dattijo, sai na haɗiye.

Uwargida ta ce in dawo gida mu kalli shirin Labarina tare, aƙalla in an ɓata mini rai zan san da wane harshe aka ɓata. Na ce sai na gama da malamin.

Ranar Laraba ina farkon zango na biyu. An ritsa malamin da yaron aikinsa a wani kango cikin hamada, bindiga na hannun wani mahaukacin dila. Na matso bakin kujera. Ɗif. Na yi murmushin wanda ya ga jiya, na gyara zama na harɗe hannu. Na ba shi daƙiƙa goma. Na ƙara masa minti biyar. Ina cikin duhun ina jinjina kai, har na ce a fili, "Kai, mutanen nan sun iya fim."

Daga ɗaki uwargida ta ɗaga murya. "Malam, in ka gama yabon, wuta aka ɗauke. Kuma har yau ba ka sa an gyara igiyar ba."