Kududdufin Kawu

Ni jikan magina ne, kuma ba na bari a tashi daga hira ban faɗa ba. Kakana ya ƙare rayuwarsa yana cuɗa ƙasa a cikin birnin Zariya, har ya koma ga Allah jan ƙasa bai bar duga-dugansa ba. To da hutu ya kawo mana Autan yayata, sai na tarar da shi a zaure ya duƙufa kan waya yana jera wasu 'yan dunƙulaye kamar sabulun wanki. Na ce me ake ciki? Ya ce, "Kawu, Minecraft ne, gida nake ginawa." Na leƙa. Akwati ne da ƙofa. Ba zanko, ba soro, ko indararo babu.

Raina ya ɓaci. A garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a da ƙasa da azara tun zamanin Sarki Abdulkarimu, a ce jinina ne ya gina wannan? Na karɓe wayar, na ci alwashin da ba wanda ya sa ni: kafin ya koma makaranta zan tsayar da Ƙofar Doka da ganuwarta.

Wasan, in ji Auta, wani mutumin Suwidin ne mai suna Markus Persson ya ƙirƙiro shi a 2009, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5. Na yi salati. Wasan ƙasa ne fa, irin wanda aka zane mu a kansa muna yara.

Abin da yaron bai gaya mini ba shi ne, a duniyar nan ko tsinke ba a ba ka kyauta. Da dunƙulen hannu na fara naushin bishiya don in sami itacen yin shebur. Kwanan wasan kuma minti 20 ne kacal, kafin ka gama bismilla magariba ta yi, dodanni sun fito.

Sai maganar tubali. Tun 2022 aka shigar da laka cikin wasan, da na ji yadda ake sarrafa ta sai na ce lallai wani ya yi mana leƙen asiri. Ka zuba ruwan kwalba a kan ƙasa ta zama laka, ka haɗa lakar da alkama ta ɗaure, ka jera huɗu su ba ka tubali huɗu. Ashe dai cuɗin kakana ne, sai dai shi ciyawa yake zubawa. Na yi lissafi a bayan ambulan: tubali 2,000 nake bukata, wato alkama 2,000, da cika kwalba sau 2,000, don kowane dunƙulen ƙasa da tasa kwalbar. Sai ga ni, mutumin da ko tumatir a bokiti bai taɓa rayawa ba, na zama manomin alkama sai ka ce ɗan Kadawa. Kwana uku ban aza tubali ko ɗaya ba.

Na ajiye girma na tambayi Auta hanya mai sauri. Ya zauna kamar malamin zaure yana lissafo mini. A barbaɗa wa alkama garin ƙashi ta nuna nan take, amma ƙashin yana jikin ƙwarangwal mai kwari da baka, sai an yi yaƙi. A sako ruwa daga saman gona ya tattaro girbin wuri guda. A nemi fadamar da laka take shimfiɗe ba sai an kwaɓa ba. Na bi wannan shawara ta ƙarshe, na yi tafiyar kwana uku a kwanan wasa, na ɓulla cikin hamada. Ya ce ko a yi shebur na lu'u-lu'u a yi masa tsafi a kan wani tebur mai littafi. Na ce a'uzu billahi, ban da wannan a gidana.

"To saura nakiya, Kawu."

Nan idona ya buɗe. Albarushi biyar, yashi huɗu, ka sami ƙunshi ɗaya. Matsalar ita ce albarushin yana cikin cikin wani koren dodo mara hannu, wanda ba ya sallama. Sai dai ka ji "sssss" a ƙeyarka kamar an tsoma wuta a ruwa, kafin ka waiga ya fashe da kai. Dole ka kashe shi kafin ya kashe kansa. Sau nawa na mutu, wannan tsakanina da Auta ne, kuma na saye bakinsa da tsire.

Da na tara ƙunshi tara, sai na tuna karatun kakana: magini ba ya ɗauko ƙasa daga nesa, gefen gida ake haƙa. Shi ya sa duk inda ka ga tsohuwar unguwa a birni, akwai kududdufi a bayanta. Don haka na binne nakiyata taku kaɗan daga harsashin ginin, daf da akwatin da na tara alkamar mako guda. Na ƙyasta ƙyastu. Daƙiƙa huɗu take ba ka ka gudu. A ta farko uwargida ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Malam, an kawo wuta, a jona firjin nan!" Duk wanda ya zauna a birni ya san ba a jinkirta wannan kira. Na waiga na amsa.

Da na dawo da idona, allo ya yi ja. Na farfaɗo can inda na fara wasan, don ban taɓa kwana a gado ba balle a tashe ni kusa da gida. Kayan da suka zube kuwa minti biyar suke yi su ɓace. Na iso na tarar ba akwati, ba alkama, ba rabin harsashi. Sai wani ƙaton rami, ruwan rafi yana gangarawa ciki a natse.

A ƙarshe gayya ta cece ni. Auta ya kira abokansa uku, na buɗe musu data, suka shigo duniyar tawa. Ɗaya noma, ɗaya kwaɓa laka, ɗaya gadin dodanni, Auta yana aza tubali, ni kuma ina tsaye a kan tudu ina ba da umarnin da ba mai ji. Ladan gayya ƙosai da zoɓo, kullum. Yamma uku ƙofa ta tsaya, har da zankwaye.

Muna cikin murna ƙaramin cikinsu ya ce, "Baba, me ya sa ba ku sa kiriyetif ba? Can komai kyauta ne, har tashi sama ake yi." Na dubi Auta. Ya sunkuyar da kai yana tauna ƙosai. "Kawu, ai kai ka ce jikan magina ba ya gini da tubalin sadaka."

Ranar Juma'a bayan an sauko, na kai wayar wajen Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage a gidanmu da ya taɓa riƙe tubali na gaske. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Da ya ji da alkama aka cuɗa, sai da ya yi istigfari sau uku. Ya ce bangon ya miƙe tsaf kamar na siminti, ba gindi mai kauri, damina ɗaya za ta kwantar da shi. Sannan ya ɗora yatsa a kan ramin.

"Wannan fa, wa ya haƙa?"

Na ce ni ne, Baffa.

"To shi ne ya yi kama da na Zariya. Saura kwaɗi da ledar fiya-wata."