Madalla da Dokar 2015-36

Allah ya saka wa Tarayyar Turai da alheri, ta fi uwa son ɗan ci-rani. Tun da mutum 92, yawancinsu mata da yara 'yan Kance, suka mutu da ƙishirwa dab da iyakar Aljeriya a watan Oktoban 2013, ai dole a samo wa talaka kariya. Aka kuwa samo: dokar Nijar mai lamba 2015-36 ta 26 ga Mayun 2015, ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai safarar baƙin haure. Daga 2016, da ingizawar Turai, aka shiga aiki da ita ba kama hannun yaro.

Mu 'yan Damargu, da hanyar Damagaram zuwa Agadas ta ratsa mu ta Tanut, shaida ne kan alherinta. A da motoci kan tashi daga Agadas ran Litinin a jere, soja na rakiya har Dirku. Taka ta lalace, ta baya ta tsaya. Wannan ai ganganci ne! Doka ta gyara. Direba ya koma fita cikin dare, fitila a kashe, yana kauce wa rijiyoyi saboda a nan masu kaki ke dako. Ya hango ƙurar sintiri, sai ya sauke fasinja a tsakiyar Tenere da jarka guda, ya ce su jira yana zuwa. A farkon Yunin 2017 aka tsinci gawar mutum 44, har da jarirai. A yaba wa doka, ko ɗayansu bai nutse a Bahar Rum ba.

Saurayin Tenhya da fari ya cinye wa garke, wanda ya gaji hanyar Libiya daga ubansa, shi ma albarkar ta shafe shi: kuɗin mota ya hau, na goro a shinge ya bi sahu. Ɗan Gana mai cikakkun takardun CEDEAO ya zama abin zargi tun bai bar ƙasar Nijar ba. Direbobi sun huta a gidan kaso, motocinsu na shan rana a barikin soja, jarin da aka yi musu alkawari kuwa kaɗan suka gani a ƙasa.

A Nuwamban 2023 shugaban mulkin soja, Janar Tiani, ya soke dokar, mahukuntan Turai suka ce abin ya dame su matuƙa. Iyayen waɗanda yashi ya binne, ku daure ku aika musu da jaje.