Bakatsine, Ba Aljanu Ba Ne a Kwamfutarka

Bawana Bakatsine, labari ya iso mini cewa shagonka na buga takardu a nan Kafin Hausa ya koma gidan kallo. Wai da ka murza linzami za ka gangara ƙasan shafi, sai rubutu ya rabe biyu, layi ya hau kan layi, allo ya yi ta ƙifta ido. Ɗalibai na tsaye suna jiran firojet, kai kuwa kana yi wa kwamfuta tofi, kana ɗaka mata duka a ƙeya. Tun da aka kafa Jami'ar Sule Lamido a 2013, garin nan bai taɓa ganin injiniya irinka ba.

To, buɗe kunne, ubangidanka Bahaɗeje zai yi magana.

Lokacin da abin ya motsa, danna PrtSc ka ɗauki hoton allon, ka tura wayarka ka duba. In hoton ya fito tas, ciwon na gilashi ne, ko na siririyar wayar da ta bi ta mahaɗar murfin kwamfutar. Ɗaga murfin a hankali ka sauke. In zanen ya sauya, wayar ce ta gaji, sai ka kai wa mai gyara. Kada ka kusance ta da sukundireba, na san hannunka.

In kuwa ɓarnar ta fito a hoton, manhaja ce. Danna Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda. Allo zai ɗauke ya dawo, direban hoto ya farfaɗo ke nan. Kada ka ruga waje da salati, duk da an ce ku Katsinawa kunya gare ku ba tsoro ba.

In a Chrome kaɗai take yi, shiga saiti ka kashe zaɓin da ke ɗora wa katin hoto aikin zana shafi. Wannan 'yar gwanjon taka tsohon jaki ce, kayan raƙumi ka labta mata. Sannan ka sabunta direban. Ka kuma sani, tun Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 da kake taƙama da ita.

Ilimin na ba ka sadaka. Amma kuɗin shara na bara da na bana suna nan a wuyanka, kuma ba na karɓar alkawarin Bakatsine. Ka aiko kafin Muharram ya kama, in ba haka ba na faɗa wa ɗaliban wanda ya gyara maka.