Rim Mai Ƙyalli, Taya Mai Sanƙo

Sabon direba a kudancin kogin Kaduna, da zarar ya iya sa giya ta uku, titin Kachia ya zama filin tserensa. Farkon abin da zai saya rim ne mai ƙyalli, inci 18, don 'yan Barnawa su waiwayo. Canjin da ya rage kuma ya tafi ga taya 'yar Beljiyam, wadda ta gama aiki a Turai ta zo nan cin fansho.

Babban rim siririyar taya yake so, ita kuwa ba ta ga maciji da rami. Shi ya sa mai faci a Sabon Tasha ke yi wa direban gaisuwar manya: "Ranka ya daɗe, an dawo lafiya?"

A gefen taya akwai lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Direbanmu bai taɓa dubawa ba, amma jami'an kiyaye haɗurra sun iya karatu.

Ita kuwa Fijo 504 da aka harhaɗa a Kakuri da rim ɗin ƙarfe ta yi ta dakon citta, ba ta nemi kowa ya waiwayo ba.