Kowace Mota da Garinta

A Titin Bauchi, kusa da Jami'ar Jos wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1975, wani Alhaji ya gina bene: shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, ɗakunan hayar ɗalibai a sama. Ya sa aka maƙala na'urorin Wi-Fi a kowane lungu, da wata uwar na'ura mai juya su duka daga wuri guda. Ya damƙa ta ga ɗan ƙanwarsa, wanda ake kira Injiniya.

Injiniya yaro ne mai kunya, ba ya iya hana babba abu. Manaja ya ce yana son layinsa shi kaɗai, ya buɗe masa. Akanta ma haka, da mai kemis, da shugaban ɗalibai. Amma bai raba na'urorin rukuni-rukuni ba. Ya bar su a rukunin da suka zo da shi daga kamfani, wanda a wasu na'urorin Cisco yake kwasar layuka 16 na farko ya watsa su ko'ina. Sai ga layin akanta yana leƙowa a wayar kowane ɗalibi, har da ta mai shayin bakin titi.

Intanet ta fara jan ƙafa. Aka zagi kamfanin sadarwa, aka zagi wutar lantarki, aka ɗora wa hazon hunturu laifi. Alhaji ya ƙara kuɗin data, ba ta canja zani ba.

Ran nan wata ɗaliba mai karatun kwamfuta ta tarar da Alhaji da Injiniya suna jimami. Ta gaida Alhaji, ta ce, "Baba, a tashar nan ta Titin Bauchi, ɗan kamashon motar Gombe, Gombe yake kira, na Kano kuma Kano. Da kowannensu zai riƙa jero dukkan garuruwa, wane fasinja zai gane motarsa?"

Ta yi masa bayani cewa kowane sunan layi sai na'ura ta yi shelarsa kusan sau 10 a daƙiƙa, ko da babu mai amfani da shi. A zangon gigahaz 2.4 kuwa, tashoshi uku kacal ne ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Idan layuka suka yi yawa, shela takan cinye lokacin da saƙo zai wuce. Maganin shi ne a yi rukuni uku, na'urorin kowane hawa su ɗauki layin mutanensu kawai, kada rukuni ya wuce layi uku ko huɗu. A yi aikin da daddare, domin na'urar da aka canja wa rukuni takan mutu ta sake tashi. Sannan a rubuta komai a littafi saboda mai zuwa.

Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi na san haka. Amma wa zan hana?"

Alhaji ya ce, "Ni na ba ka amanar nan, ba su ba."

Gine-gine irin wannan suna da yawa, wasu sun fi na Alhaji girma nesa ba kusa ba, kuma da dukiyar jama'a aka sayi kayan cikinsu. Duk wanda ke riƙe da kalmar sirrin uwar na'ura, ya buɗe ta yau ya ƙirga layukan da ya watsa don faranta wa manya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.